Gidajen Sunaye: Sharhi a kan Littafin Guppy da Ƙidayar Sunan Attenborough a Birtaniya

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1890 aka buga wani littafi a Landan mai suna Homes of Family Names in Great Britain, watau gidajen sunayen gado a Birtaniya. Mawallafinsa, Henry Brougham Guppy (1854-1926), likitan sojan ruwa ne da ya yi aiki a tsibiran Sulemanu, ya kuma shahara wajen nazarin yadda irin tsirrai ke bazuwa daga wannan tsibiri zuwa wancan. Da irin wannan idon ya dubi sunayen mutanen ƙasarsa: ina kowane suna ya tsiro, ina ya yi yawa, ina kuma iyakar inda ya kai.

Manufar wannan sharhi ita ce a auna hanyar da Guppy ya bi, da hanyoyin da aka ɗora a kanta daga baya, ta yin amfani da suna guda wanda masu shi ba su da yawa, watau Attenborough. An zaɓi ƙaramin suna ne don a wurinsa ake gane ƙarfin ma'auni da rauninsa. Suna irin Smith, wanda fiye da mutum ɗaya cikin ɗari ke amsawa a Ingila, kowace ƙidaya za ta kama shi ko da an yi kuskure. Ƙaramin suna kuwa, kuskuren alƙalami guda ya isa ya rage shi, ko ya raba shi biyu. An bar sunayen a cikin rubutunsu na Ingilishi, saboda shi kansa rubutun yana cikin abin da ake magana a kai.

2.0 Asalin sunan gado a Ingila

Sunan gado shi ne wanda ɗa ke gada daga uba, jika ya gada daga ɗa, ba tare da ya sake ba. Wannan al'ada ta fara kama ƙasa a Ingila bayan da Normandawa suka ci ƙasar a 1066. Ta soma daga manyan masu ƙasa, ta gangaro sannu a hankali, har wajen 1400 yawancin gidaje suka zama suna da sunan da suke gada. Arewacin ƙasar ya ɗan makara. Yankin Wales ya fi makara ƙwarai: can an daɗe ana kiran mutum da sunansa da na ubansa, a haɗa su da kalmar ap, mai ma'anar ɗan wane, shi ya sa ap Hywel ya koma Powell, ap Rhys ya koma Price.

Masana sun kasa sunayen gida huɗu: na sana'a, na sunan uba, na laƙabi, da na wuri. Attenborough na wuri ne. Ƙauye ne a gundumar Nottinghamshire, kusa da kogin Trent, kudu maso yammacin birnin Nottingham. Abin lura a nan shi ne ba a cika kiran mutum da sunan garinsa yana zaune cikin garin ba, in dai ba shi ne mai garin ba. Sai ya fita ake ce masa na wuri kaza, kamar yadda ba a kiran mutum Bakatsine a tsakiyar Katsina, sai ya sauka Maraɗi ko Damagaram. Saboda haka gidan irin wannan suna yakan kasance a garuruwan da ke kewaye da ƙauyen, gwargwadon tafiyar da mutanen wancan zamani ke yi, wadda galibi ba ta da nisa.

3.0 Hanyar Guppy

Guppy ya ɗauki manoma a matsayin ma'auninsa, bisa hujjar cewa su ne suka fi kowa zama wuri ɗaya. Ya bi kundayen adireshi na kamfanin Kelly, gunduma bayan gunduma, ya ƙirga sunayen manoman da ke ciki, ya fitar da adadin kowane suna cikin kowane manomi 10,000. Daga nan ya kasa sunayen aji shida, tun daga waɗanda ake samu a gundumomi 30 zuwa 40, har zuwa waɗanda kusan gunduma ɗaya kaɗai ta san su.

Wajibi ne a ba shi haƙƙinsa. Kafin shi, yawancin masu rubutu a kan sunaye ma'anarsu kawai suke nema, sau da yawa ta hanyar kintace. Guppy ya kawo lissafi da wuri cikin maganar. Babban abin da ya gano, cewa sunaye da yawa suna nan manne da yankin da suka tsiro bayan ɗaruruwan shekaru, binciken da ya biyo baya ya tabbatar da shi. Ya kuma gane cewa yawan masu suna ba ya nuna komai sai an gwada shi da yawan mutanen wurin, wanda har yau shi ne ginshiƙin aikin.

Sai dai hanyar tana da rauni iri huɗu, kuma duk a kan ƙaramin suna suka fi faɗawa.

Na farko, manomin da ke cikin kundin Kelly mai riƙe da gandu ne, ba ɗan ƙwadagon da ke yi masa aiki ba. Tun 1851 rabin mutanen Ingila a birane suke zaune. Yankin Nottingham kuwa, a ƙarni na 19, yanki ne na saƙar safa da leshi da haƙar kwal. Duk mai suna Attenborough da ke zaune gaban injin saƙa, ko yake cikin ramin kwal, bai shiga lissafi ba. Haka nan dangin Attenborough da suka yi suna a Landan da sana'ar karɓar jingina da sayar da kayan ado, waɗanda ke da shago a titin Fleet. A ma'aunin Guppy, birnin da sunan ya shahara a cikinsa ba ya cikin gidajensa.

Na biyu, ya kafa iyaka: sunan da bai kai 7 cikin 10,000 a gunduma ba, galibi ya bar shi. A ɗauka gunduma tana da manoma 3,000. Bakwai cikin dubu goma na wannan adadi mutum biyu ne da ɗan ɗoriya. Ke nan uba da ƴaƴansa biyu sun isa su sa suna cikin littafin, in kuma biyu daga cikinsu suka sayar da gandu suka tafi birni, sunan ya fita. Adadin da ke kama da tabbataccen lissafi a shafi, a ƙarƙashinsa mutum biyu ne ko uku.

Na uku, gunduma ba ita ce iyakar zirga-zirgar mutane ba. Ƙauyen Attenborough yana bakin iyakar Nottinghamshire da Derbyshire, Leicestershire ma ba ta da nisa. Dangi guda da ke zaune cikin tafiyar yini ɗaya za su bayyana a gundumomi biyu ko uku, a ɗauka sun bazu, alhali suna cure wuri ɗaya.

Na huɗu, hoton lokaci ɗaya ne. Frederick Attenborough, wanda ya shugabanci kwalejin jami'a ta Leicester daga 1932 zuwa 1951, an haife shi a 1887 a Stapleford, ƴan kilomitoci kaɗan daga ƙauyen da sunan ya fito. Wannan ya gaskata Guppy. Amma ɗansa Richard, ɗan wasan fim, a Cambridge aka haife shi a 1923, ƙanensa David kuma, mai shirye-shiryen namun daji, a Isleworth ta gefen Landan a 1926. Abin da ya zauna wuri ɗaya shekaru aru-aru, karatu da jirgin ƙasa sun watsa shi cikin zamani guda.

4.0 Ƙidayar 1881 da matsalar alƙalami

Magajin littafin Guppy shi ne taswirar sunaye da aka gina a kan ƙidayar jama'a ta 1881. An fara ƙidaya a Birtaniya a 1801, amma sai a 1841 aka soma rubuta sunan kowa da kowa. Ta 1881 ta zama abin dogaro ne saboda masu aikin sa kai sun kwafe ta gaba ɗaya zuwa kwamfuta, aka fitar da ita a faifai a 1999. A kanta Steve Archer ya tsara kundin taswirorinsa na 2003. A nan an magance rauni na farko da na biyu: masaƙi da mahaƙi, mace da yaro, duk sun shiga, cikin mutum wajen miliyan 26 na Ingila da Wales. Taswirar ta nuna Attenborough a inda ake zato, watau Nottinghamshire da maƙwabtanta.

Amma ta fito da wata matsala da Guppy bai tsaya a kanta ba. Abin da kwamfuta ke ƙirgawa jerin haruffa ne. Sunan nan a baki gajere ne, kusan "Atimbara" ake jin sa, don ƙarshensa mai haruffa bakwai a rubuce an haɗiye shi a furuci. Magatakardan da ya ji shi bai taɓa ganinsa a takarda ba yana iya rubuta Attenborrow, ko Attenburrow, ko wani abu makamancin haka. Ga kwamfuta, waɗannan sunaye ne daban-daban, kowanne da nasa adadi da tasa taswira.

Dalilin yana cikin tarihin karatu da rubutu na ƙasar. Tun 1538 aka umarci kowace majami'a ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, kuma limamin coci ko magatakardansa ke rubutawa, yadda kunnensa ya ji. Daga 1754 doka ta ce ango da amarya su sa hannu a rajista. Wajen 1840, kashi ɗaya cikin uku na angwaye, da kusan rabin amare, alama kawai suke yi don ba su iya rubuta sunansu ba. Wanda bai iya rubuta sunansa ba, ba shi da ikon gyara wa magatakarda. Rajistar gwamnati ta haihuwa da aure da mutuwa ta fara a 1837, dokar makarantun firamare ta zo a 1870, aka wajabta zuwa makaranta a 1880. A cikin waɗannan shekarun ne rubutun yawancin sunaye ya daskare, kowane reshe na dangi ya riƙe siffar da ta same shi a lokacin. Ƴan'uwa biyu da suka yi aure a majami'u biyu suna iya barin wa jikokinsu sunaye biyu.

Bugu da ƙari, sunan da ke cikin kwamfuta ya bi ta hannu uku. Maigida ya cika takarda, ko a cika masa. Malamin ƙidaya ya kwafe ta cikin littafinsa. Bayan shekara ɗari wani ya karanta rubutun hannun malamin ya buga. Takardun farko an lalata su, ba wurin komawa. Kundin Archer yana ɗauke da siffofin suna fiye da 400,000, kuma da yawa daga waɗanda mutum ɗaya ko biyu kaɗai ke ɗauke da su tuntuɓen alƙalami ne. Saboda haka duk wanda ya ce suna kaza ya yi ƙaranci a 1881, ko ya ɓace daga baya, sai a tambaye shi siffofi nawa ya haɗa kafin ya ƙirga, da hujjar da ya haɗa su.

Haɗawar ma tana da nata haɗari. Ƙamus ɗin P. H. Reaney na 1958 ya tattara misalai masu yawa daga takardun tsakiyar zamani, amma sau da yawa yakan liƙa sunan yau da wani tsohon suna don kamannin haruffa kawai, ko da ɗaya na kudu ne ɗaya na arewa. George Redmonds, wanda ya ƙare rayuwarsa yana bin sunayen Yorkshire, ya nuna a littafinsa na 1997 cewa ba a yanke hukunci sai an bi dangi daga rajista zuwa rajista, an ga inda siffa ta sauya. Kama da wane ba ta wane. Babban ƙamus na Oxford na 2016, mai juzu'i huɗu da sunaye fiye da 45,000, wanda Patrick Hanks da Richard Coates da Peter McClure suka shirya, ya karɓi wannan gyara: yana ba da adadin masu suna a 1881 da na 2011, da yankin da suka fi yawa, yana kuma mai da rassa ga tushensu. Duk da haka shi ma yana da iyaka, don ginshiƙinsa sunayen da ke da mutum 100 ko fiye a 2011 ne, tare da waɗanda suka kai 20 a 1881. Mafi ƙanƙantar sunaye har a nan ba su sami shiga ba.

5.0 Me ke sa suna ya ƙaranta?

Akwai wani zato da ke ɓoye cikin aikin Guppy da na magadansa, cewa yawan masu suna a yau yana nuna yawansu a da. Lissafi bai goyi bayan haka ba. A 1873 Francis Galton ya jefa tambaya a kan yiwuwar ƙarewar sunayen gado, Henry William Watson ya amsa, suka buga sakamakon tare. Watson ya yi kuskure da ya ce kowane suna ƙarshensa ƙarewa. Bafaranshen nan Bienaymé ya riga ya sami amsar da ta dace tun 1845: in matsakaicin adadin ƴaƴa maza da ke rayuwa su haihu bai wuce ɗaya ba, suna zai ƙare, in ya wuce ɗaya, yana iya ɗorewa, ko da yake da yawa za su ƙare tun a zuriyoyin farko.

Ma'anar wannan ita ce sa'a tana da babban hannu. Mutum biyu da suka bar ƙauye ɗaya a ƙarni na 14, ɗaya ya haifi maza huɗu, ɗaya ya haifi mata huɗu: sunan na farko ya yaɗu, na biyun ya tsaya a kansa, alhali jininsa yana nan yana gudana a ƙarƙashin sunayen surukansa. Annobar 1348 zuwa 1349, wadda ta kashe tsakanin sulusi da rabin mutanen Ingila, ta zo daidai lokacin da sunaye ke kafuwa, ta share wasu tun ba su yi rassa ba. Taswirar suna layin maza kaɗai take bi. In aka koma zuriya goma baya, mutum yana da gurbin kakanni 1,024, ɗaya tak daga cikinsu ya ba shi suna.

6.0 Shaidar ƙwayoyin gado

Ƙwayar halitta da ake kira Y daga uba take zuwa ga ɗa namiji, kamar sunan gado, sai dai ita ba ta bi ta hannun magatakarda. A 2000 Bryan Sykes ya gwada maza masu sunansa, ya sami kusan rabinsu da nau'i ɗaya. A 2009 Turi King da Mark Jobling na jami'ar Leicester suka buga binciken maza 1,678 masu sunaye 40. A cikin masu suna Smith ba a ga alamar kaka guda ba, abin da ba mamaki tunda kowane gari da maƙerinsa. A cikin masu suna Attenborough kuwa, kashi 87 cikin 100 sun faɗa rukuni ɗaya na zuriya. Gaba ɗaya, gwargwadon ƙarancin suna, gwargwadon kusancin masu shi.

Wannan shaida ce mai ƙarfi ga Guppy, kuma ita ce hanyar da ta fi iya nuna ko siffofi biyu na suna dangi ɗaya ne. Amma bai kamata a ɗora mata abin da ba ta ɗauka ba. Masu binciken da kansu sun yi kashedi cewa rukuni ɗaya a yau ba ya tabbatar da kaka ɗaya a farko: mai yiwuwa mutum da dama suka fita da sunan ƙauyen, layukan sauran suka ƙare ta hanyar da aka bayyana a sama. Haka nan ragowar da ba su shiga rukunin ba, jini ba ya faɗin dalili. Riƙon maraya, ɗaukar sunan uwa, agola da ya amsa sunan mijin uwarsa, da haihuwar waje, duk alama ɗaya suke bari. Takarda ce kaɗai ke iya rarrabe su, in ta tsira.

7.0 Abin da ya shafi masu bincike da masu tsara yaƙi da jahilci

Ba za a iya ɗauko hanyar Guppy a dasa ta a ƙasar Hausa yadda take ba, don tsarin suna ya bambanta. Bahaushe yana amsa sunan yanka da sunan ubansa, na biyun kuma yana sakewa kowace zuriya, kamar yadda Wales ta kasance a da. Inda aka sami sunan gari ya liƙe wa mutum, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa, galibi makarantar boko da aikin gwamnati ne suka liƙa shi, kuma shekarunsa ba su da yawa.

Darasin da ya haye iyaka shi ne na alƙalami. Rajistocin Nijar da haruffan Faransanci aka fara cika su, na Najeriya da na Ingilishi, sai Usumanu ɗaya ya zama Ousmane a nan, Usman a can, Yusufu ya zama Issoufou. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba su cikin keken rubutun ofis, shi ya sa Ɗan ya koma Dan, Maraɗi ta koma Maradi. Taron Bamako na 1966 ya tsara haruffan rubuta Hausa da wasu harsunan yankin, amma takardun shaida sun ci gaba da bin tsohuwar hanya. Akwai kuma bambancin da na baki ne tun asali, kamar Muhammadu da Mahamman da Mamman, wanda bai kamata a goge shi da sunan daidaitawa ba. Mai binciken da ya ƙirga sunaye daga jerin ƴan makaranta ko na masu zaɓe, don ya gano ƙaurar jama'a, in bai rarrabe waɗannan biyu ba, hannun magatakarda zai ƙirga.

Daga abin da ya faru a Ingila ana iya tsamo shawara uku ta aiki. A rubuta suna yadda mai shi ya furta, da cikakkun haruffan harshensa. A ajiye tsohuwar siffar da ke kan takardarsa a gefe, kada a share ta, don ita ce igiyar da ta haɗa shi da rajistocin baya. A kuma rubuta wuri da shekara da harshen da aka yi rajistar da shi. A azuzuwan manya, rubuta sunan kai yana cikin darussan farko, kuma siffar da malami ya koya wa ɗalibi a ranar ita ce mai yiwuwa ƴaƴansa su gada.

8.0 Kammalawa

Littafin Guppy ya cancanci a ci gaba da karanta shi, don tambayar da ya yi daidai ce, amsarsa ma a dunƙule ta tabbata: Attenborough yana da gida, gidan kuma yana gefen kogin Trent. Amma alƙalumansa na masu gandu ne na ƙarshen ƙarni na 19, ba na jama'a duka ba, kuma bai dace a kafa hujja da su a kan ƙaramin suna ba. Ƙidayar 1881 ta faɗaɗa ƙirgar, ƙamus na 2016 ya tace ta, gwajin 2009 ya ba ta shaida daga waje. Babu ɗaya daga cikinsu da ya sauke wa mai bincike nauyin komawa ga rajista, shafi bayan shafi, ya ga wa ya rubuta sunan, a ina, da kuma ko mai sunan ya iya karanta abin da aka rubuta.